Hawan Jinin Malam Labbo da Miyar Maƙwabta

Jiya ina zaune a kan benci a asibitin unguwarmu ina jiran layi ya zo kaina, sai na ga ɗaya daga cikinku, ku sababbin ma'aikatan lafiya, ta ɗaura wa wani dattijo abin awon jini a kan hannun rigarsa. Ta danna maɓalli, ta koma kan wayarta har injin ya yi ƙara. Dattijon nan ko haki bai gama ba, don saukarsa daga keke ke nan. Ta rubuta abin da injin ya nuna, ta ce na gaba ya matso. Ban tanka ba a gaban mutane, amma abin ya tsaya mini a wuya, shi ya sa da kuka zo gaishe ni yau na ce ku nemi wuri ku zauna. Ku daina kallon juna, ba zan faɗi wace ce ba, ta san kanta.

Kuna ganin aikin nan ba wani abu ba ne: a soki yatsa, a ɗaura hannu, a miƙa ƙwaya. Ni na yi shi tun ƙarshen shekarun casa'in har na ajiye aiki, a ƙananan asibitocin Anka da Bukkuyum da Gummi, inda babu likita sai mu ma'aikatan lafiya, mu ne kuma jama'a ke kira likita ko mun so ko mun ƙi. Waɗanda suka fi cin lokacina a duk shekarun nan su ne masu ciwon suga, amma ba sugan ne ya fi ba ni wahala ba.

A Anka na koyi aiki, a hannun wani tsohon ma'aikaci da muke kira Baba Isa. Lokacin babu wannan ɗan injin da kuke ɗiga wa jini. Wani shuɗin ruwa muke zubawa a siririyar kwalba, mu ɗiga fitsarin mutum a ciki, mu riƙe a kan 'yar fitila har ya tafasa. In ya zauna shuɗi, lafiya. In ya koma kore ko rawaya ko ja kamar jar ƙasa, to akwai suga, gwargwadon yadda launin ya juya. Ranar da na fara yi a gabansa, na wani mai ciwon suga ya fito kore-kore, alhali a zuwansa na baya ja wur ya fito. Ina ta washe baki ina yi masa barka, sai na ji muryar Baba Isa daga bayana.

"Ke yarinya, kin gwada hitsari, shi ke nan kin gama? Shi mai hitsarin hwa, wa ka duba shi?"

Ya zaunar da mutumin, ya bar shi ya huta, ya auna jininsa, sai ga shi can sama. Bayan an watse ya kira ni ya ce mini a duk shekarun da ya yi yana aiki, ba kasafai ya ga suga shi kaɗai ya kashe babban mutum ba. Abin da ke ɗauke su shi ne zuciya ta tsaya, ko ɓarin jiki ya shanye, ko ƙoda ta gaza. Ya ce in tuna tiyon ban ruwa na 'yan fadama: suga shi ne ranar da ke gasa shi har ya bushe ya yi tauri, hawan jini kuma shi ne a ƙara wa injin wuta. Tiyo mai laushi zai ɗauka, busasshe kuwa wata rana sai ya fashe. Tun daga ranar ban sake sallamar mai ciwon suga ba tare da na auna jininsa ba.

Abin awon jininmu wani dogon akwati ne na ƙarfe. In an buɗe shi sai a ga gilashi a tsaye, da zaiba a gindinsa, wannan ruwa mai nauyi mai kama da narkakkiyar azurfa. A naɗa ƙyallen a dantse, a matsa roba iska ta shiga, zaiba ta hau, a ɗora abin sauraro a lanƙwasar hannu, a riƙa sakin iskar sannu a hankali. Inda aka fara jin bugu shi ne na sama, inda bugun ya ɓace shi ne na ƙasa. A baki da sauƙi. Ku gwada shi ranar allurar yara, jarirai na tsala kuka a bayan labule, ku gani. Baba Isa yakan auna ya yi shiru, ya miƙo mini, sai na faɗi nawa kafin ya faɗi nasa. In mun saɓa ba ya faɗa, sai dai ya ce, "Sake," har kunnena ya gyaru. Kuma yana da ƙa'idojin da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kansu: mutum ya zauna ya huce tukuna, ƙafafu a ƙasa, hannu tsirara a kan tebur, ba magana, ba goro a baki. Zuwan farko a auna hannu biyu. Ba a kuma ce wa mutum yana da hawan jini daga awo ɗaya, sai ya dawo wata rana an sake.

Sauran kayan aikin ba su da yawa. Akwai sikeli, da tef irin na tela don auna tumbi daidai cibiya, sai yatsunka da bakinka. Da yatsu ake laluben bugun jini a kan ƙafa bayan mutum ya cire takalmi, don ƙafar da bugunta ya yi rauni tana gaya maka halin da jijiyoyin zuciya ke ciki. Da baki kuma ake tambaya: shekaru nawa, ana shan taba ko ana zuba garinta a leɓe, ƙirji yana ɗaurewa in ana noma ko hawan tudu, akwai wanda ya taɓa shanyewa ko ya faɗi farat ɗaya a gidanku? Mukan kuma tafasa fitsari zalla, in ya yi gajimare mun san ƙoda ta fara yoyo. Gwajin kitsen jini ba mu da shi, sai mun tura mutum babban asibiti. In ka haɗa waɗannan duka za ka gane wanda haɗari ke nesa da shi da wanda ke tsaye a bakin rami. Na bakin rami mu tura shi wurin likita ya rubuta masa magani, mu kuma mu bi shi da awo da magana har iya rayuwarsa.

A Bukkuyum, ranar kasuwa ce ranar aikinmu. Mutane su shigo daga ƙauyuka a kan babura da ƙananan motoci, su sayar da gero ko wake, su biyo ta wurinmu a gurguje kafin mota ta cika. A nan na san halin masu ciwon nan. Akwai wanda zai rantse miki ya bar suga, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai ya koma zuba zuma a koko har cokali ya tsaya. Akwai wadda za ta sha maganin hawan jini har ciwon kai ya tafi, sai ta ƙulle sauran a bakin zane ta ajiye wa wata rana. In kika ce mata ciwon yana nan ko da ba ta ji, sai ta dube ki kamar mai yi mata fatan tsiya. Duk waɗannan na saba da su. Wanda ya koya mini abin da babu shi a makaranta kuwa a Gummi na gamu da shi.

Sunansa Malam Labbo, manomin shinkafa ne a fadama. Ya haura hamsin, yana da jiki da tumbi, ba shi da yawan magana. Ƙishirwa da yawan fitsari suka kawo shi, kwalba kuma ta nuna ja. Na auna jininsa, na sama ya wuce ɗari da tamanin. Ya dawo bayan 'yan kwanaki, yana nan inda yake. Leɓensa na ƙasa baƙi ƙirin da garin taba. Sai na zo kan tambayar ko wani ya taɓa shanyewa a gidansu. Ya ce yayansa Dikko, shi ma mai suga, ya faɗi a gona wata damina. Ya yi shekaru a kwance, baki a karkace, ba ya iya ko korar ƙuda. Shi Labbo ne ke juya shi, ya wanke shi, ya ɗauke shi zuwa bayan ɗaki.

Ya ce, "Malama, mutuwa ba ni tsoronta, kowa za shi. Kwanciyar ga ta Yaya ita nika tsoro. In da abin da ka hana ta, hwaɗa mani in yi."

Na gaya masa gaskiya, cewa tabbas sai Allah, amma akwai abubuwan da ke nisanta mutum da ita, kuma mafi girmansu shi ne jinin nan ya sauko ya zauna ƙasa da ɗari da arba'in. Ban taɓa samun mai jin magana kamarsa ba. Ya je babban asibiti, likita ya rubuta masa na suga da na hawan jini. Ya bar suga a shayi, ya rage malmalar tuwo. Ya jingine babur ya koma takawa zuwa fadama da ƙafa. Garin tabar da ya fi shekara talatin a bakinsa ya zubar, ya yi makonni yana faɗa da kowa a gida, amma bai koma ba. Suga ya sauka, tef ya nuna tumbi ya ragu. Jini kuwa ya ɗan sauko ya cije a wajen ɗari da saba'in. Na mayar da shi wurin likita, aka ƙara masa wata ƙwayar, ya ɗan motsa ya sake tsayawa.

Na duba ƙullin maganinsa, yana raguwa yadda ya kamata. Na tambaye shi abin da ake dafawa a gidansa, ya ce matarsa Kulu ta daina sa masa gishiri da dunƙulen ɗanɗano na kanti. Na aika aka kira Kulu, mace ce mai kuzari da saurin baki, ta rantse mini har da dafa ƙirji. Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba, don na sha jin rantsuwar mata a kan gishiri. Wata ranar da yamma bayan na tashi aiki na ɗauki mayafina na nufi gidan ba tare da na aika ba. Na tarar tana tuƙa tuwo, na ce ta ɗebo mini miyar Malam. Na ɗanɗana, lami, sai ƙamshin daddawa kaɗan da tafarnuwa. Ba kanwa, mai ma da ƙyar ake ganinsa. Na ba ta haƙuri a kan zargin da na yi mata, ta yi dariya ta ce, "Ai ko ni ba ni iya cinta, Malama, Malam dai na da hanƙuri." Magariba ta same ni a can, na yi salla tare da su, na yi sallama na fito.

A ƙofar gida na ga abin da ya ɗaure mini kai wata da watanni. An shimfiɗa tabarmi, mazan layin sun dawo daga masallaci sun zauna, kwanuka jere a tsakiya, kowane daga gidan ɗayansu. Ciyayya ke nan, ga waɗanda suka tashi a birni a cikinku: kowane magidanci a fito masa da tuwonsa na dare, a haɗa wuri ɗaya, a buɗe kwano ɗaya a cinye tare, a jawo na gaba, ko baƙo ne ya gifta a kira shi ya sa hannu. Kwanon Kulu na gefe, an ɗan taɓa shi don kara an ture. Hannun Malam Labbo kuwa yana cikin wani kwanon da miyarsa ke ƙyalli da man shanu, ƙamshinta har inda nake. Na durƙusa na gaishe su na wuce, don ba wurin tsayuwar mace ba ne.

Ni kaina a gidan da ake ciyayya na tashi, amma abin da kake gani kullum ba ya zuwa maka a rai in kana zaune a bayan tebur. Kuma mutumin nan bai yi mini ƙarya ba. Abin da ake dafawa a gidansa na tambaya, shi ya faɗa mini. Da na ce a ina yake cin tuwon dare, kuma da su wa, da tuni na ji cewa miyar gida shida ko bakwai yake sha kowane dare, tasa ce kawai babu gishiri.

Da ya dawo awo na faɗa masa abin da na gani. Ya sunkuyar da kai, ya ce kwanon da na gani na gidan Mamman Tela ne, amininsa, miyar kuma ta matarsa Ige ce, wadda duk unguwa ta san hannunta.

"Malama, ƙaƙa za ni yi? Ni da Mamman tun muna kiwon awaki muka cin tuwo tare. A buɗe kwanonai in janye hannu? Mi na ce ma matatai ke nan? Taba tawa ta, na bari. Suga nawa na, na bari. Wannan ba nawa ba na ni ɗai, balle in bari."

Na san a ƙasar nan ƙin cin tuwon maƙwabci ba ƙaramar magana ba ce, an sha ɓatawa a kan abin da bai kai haka ba. Na dai ce ya riƙa taƙaitawa, ni da shi kuma mun san ba a taƙaita loma a tsakiyar abokai.

Kulu ce ta ɗauki abin a hannunta. Da ta ji inda matsalar take, sai ta bi gidajen layin ɗaya bayan ɗaya ta roƙi matan su riƙa kwashe miyar waje kafin su zuba gishiri da dunƙule, kuma kada maza su ji. Matan suka tausaya suka yarda, har da Ige, ko da yake ita sai da aka sha fama. Kwana kaɗan maza suka fara tsaki a kan tabarma. Kowa ya zaci matarsa ce ta yi sakaci, yana jin kunyar sauran, sai aka jawo kwano na gaba aka ji shi ma haka. Wani ya ce ko gishiri ya yi ƙaura daga kasuwar Gummi ne. Mamman Tela, wanda ya saba a yabi miyar gidansa, ya shiga ya sauke wa Ige faɗa. Ita kuwa Ige komai za ta haɗiye ban da a kushe girkinta. Ta ce masa, "Kak ka ga laihina. Tahi ka tambayi abokinka, don jininai anka hana mu gishiri."

Kafin gari ya waye kowa ya ji. Malam Labbo ya ji kunyar da bai taɓa ji ba: ga ciwonsa a bakin matan unguwa, ga magidanta ana ba su lami saboda shi ba da saninsu ba. Ya yi wa Kulu faɗan da ta ce tun aurensu bai yi mata irinsa ba. Daga ranar ya daina fita ciyayya. In an sallame Magariba sai ya sulale ya shige gida, ya ci tuwonsa shi kaɗai a ɗaki, yana jin dariyar abokansa ta katanga.

Zuwansa na gaba na auna, jini ya sauko wajen ɗari da hamsin, abin da ƙwaya biyu suka kasa yi. Na faɗa masa ina murna. Ya warware hannun rigarsa, ya ce, "To, kin samu abin da kika so," ya tashi ya fita. Ranar awonsa ta zagayo bai zo ba. Kulu ta zo a madadinsa ido ya yi zuru-zuru, ta ce ya bar takawa fadama, ya bar wa 'ya'ya aikin, yini yake a ɗaki. Ta kuma tsinci ƙullin garin taba a aljihun rigarsa. Gaskiya hankalina ya tashi. Mun toshe gishiri, ga taba da zaman wuri ɗaya sun dawo, kuma mutumin da ya fara ƙin zuwa awo bai da nisa da ajiye magani.

Ina cikin tunanin yadda zan ɓullo wa abin, wata safiya sai ga wani ɗan siririn dattijo ya shigo ba sallama, tef rataye a wuyansa, zare manne a hularsa. Ba sai an gaya mini Mamman Tela ne ba.

"Ke ta Malama Asabe? Ke ta kinka raba ni da abokina?"

Na ce ni ce Asabe, ya zauna ya huta. Ya ce ba zama ya kawo shi ba, amma ya zauna. Ya zazzage cikinsa tas: an mayar da su yara, an haɗa baki da matansu, yanzu kuma mutum ya shige ɗaki kamar mai takaba, in an aika a ce yana barci. Na bar shi har ya gaji. Sannan na ce masa abin da ke jikin Malam Labbo ba zan faɗa masa ba, wannan tsakaninsu ne. Amma zan gaya masa abin da gishiri da man shanu ke yi wa duk wanda suga da hawan jini suka haɗu a jikinsa. Na yi masa bayani yadda Baba Isa ya yi mini. Da na gama na tambaye shi ko ya san Dikko.

Ya murza bakin tef ɗinsa. Ya ce, "Ni na ɗinka likkahwaninai." Can ya ɗago ya ce, "Gishirin ga, dole sai an dahwa shi cikin miya? In mutum ya barbaɗa nashi daga baya, ba shi yi?"

Na ce yana yi mana, ga mai so. Ya miƙe ya fita, ko sai an jima bai ce mini ba.

Sauran labarin a bakin Kulu na ji, don ta laɓe a bayan ƙofa ta ga komai. Da aka idar da Magariba, Mamman ya sa aka kwashe tabarmi daga waje aka shimfiɗa su a cikin zauren Malam Labbo, aka jera kwanuka. Ya zaro ɗan faranti mai gishiri da yaji, da 'yar kwalbar man shanu, ya ajiye a gabansa. Ya ce wa mutanen daga yau miyar kowane gida haka za ta riƙa fitowa, da saninsu ba a ɓoye ba, mai son gishiri ya barbaɗa a gefensa. Wanda ya ga ba zai iya ba, ya cika cikinsa a gida kafin ya fito. Sannan ya ɗaga murya.

"Labbo! Hito, tuwo na hucewa. In ba ka hito ba mu shigo har ɗaka, Kulu ta ba mu wuri."

Kulu ta ce ya daɗe kafin ya fito. Da ya fito ya tsaya a bakin zaure ya fara ba su haƙuri, Mamman ya katse shi ya ce, "Zamna, ba don kai muka yi ba. Wa za mu riƙa yi ma dariyar tumbi in ba ka nan?" Aka bushe da dariya, ya zauna. Farantin gishirin kuwa Mamman ya ajiye shi a bayan gwiwarsa, can nesa da hannun abokinsa, kuma a nan ya ci gaba da zama kowane dare.

Labbo ya dawo awo, ya miƙa mini ƙullin tabar da kansa ya ce in jefa a shara. Cikin 'yan watanni jinin ya sauko ƙasa da ɗari da arba'in ya zauna. Mazan layin kuma suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya, kowa ya ce wucewa yake yi ya ce bari a ɗan auna shi. A cikinsu na sami masu hawan jinin da ba su san suna da shi ba.

Kada ku zaci daga nan komai ya tafi sumul. Akwai shekarar da gulbi ya cika ya haura, ya cinye shinkafar fadama, ya yanke hanyar mota. Magani ya ƙare a wurinmu, ya ƙare a shagunan gari. Robar abin awona ta tsage, na kai wa mai facin keke ya liƙe mini ita da guntun tif. Na zama ina da abin awo ba ni da abin bayarwa, in auna in ga zaiba ta hau in ce a yi haƙuri. A shekarar ne wata mata da na daɗe ina bi ta shanye tana tsaka da tankaɗe, ba ta ƙara magana ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Shi ma Labbo gonarsa ta tafi, maganinsa ya ƙare, jininsa ya fara hawa, sai dai bai kai inda yake a da ba, don babu taba, babu gishiri, kuma kullum yana tafe. Da abin ya ƙi ƙarewa, Mamman ya bi masunta a kwalekwale har inda mota ke tsayawa, ya tafi da tsofaffin kwalayen maganin don kada a ba shi wani daban. Ya dawo da na abokinsa da na wasu mutum biyu, wandonsa jiƙe da taɓo, yana ta mitar cewa shi tela ne ba ɗan aike ba.

To kun ji. Injinku ya fi akwatina sauri, ban musa ba, ni ma yanzu da shi ake auna ni. Amma ba zai tambayar muku mutum inda yake cin tuwo ba, ba zai kuma ce masa ya huta kafin a ɗaura ba. Aikin nan in ya yi kyau ba a ganin komai, ba wanda zai zo ya gode muku don bai faɗi a gona ba.

Malam Labbo ya ƙara shekaru masu dama, har ya aurar da autarsa. Zazzaɓi mai zafi da ciwon haƙarƙari suka kama shi wata damina, kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa. Na je gaisuwa ranar uku. A zaure na wuce Mamman zaune ya haɗa kai da gwiwa, ko ɗagowa bai yi ba. Na shiga ciki na sami Kulu a ɗaki cikin mata. Da ta gan ni sai ta matsa ta ba ni wuri a kan tabarmarta, ta riƙe hannuna.

"Malama, kin ji Malam ya tahi."

Na ce na ji, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ta ce, "Ranar da za shi cika, da sahe, yat tashi yaɗ ɗauki buta. Na ce bari in kama ka, yac ce in bari. Da ƙahwahunai yat tahi bayan ɗaki, yad dawo yay yi alwala, yak kwanta. Shekarun ga duka, Malama, ko sau guda ban juya shi ba."

Na matse hannunta na ce alhamdulillahi.